Idan Manhajar Ajiya Ta Ce Ta Kasa Karanta Fayil

A wata masana'antar gyaran shinkafa da ke bayan garin Kura, akwai ɗan ɗaki a jikin ofishin akawu, babu taga, fanka ɗaya ce a ciki. Nan aka ajiye uwar garken gidan, wato kwamfutar da duk lissafinsu yake cikinta: nauyin shansherar da sikeli ya auna, manoman da aka ba taki da iri bashi tun shigowar rani, motocin da suka yi lodi zuwa Dawanau da waɗanda har yanzu ba su kawo kuɗi ba. Kowane dare, bayan an kashe injina, wata manhaja takan kwafe abin da ke cikin kwamfutar zuwa wani faifan dabam don ajiyar ko-ta-kwana, abin da 'yan sana'armu suke kira bakof. Da safe takan bar rahoto mai launi: kore, ko ruwan ɗorawa, ko ja.

Firinta ce ta kai ni ranar. Ina cikin ɗakin idona ya faɗa kan allon. Jiya ruwan ɗorawa, shekaranjiya ruwan ɗorawa, na ja ƙasa, haka yake har inda rahoton ya ƙare.

"Ranka ya daɗe, wannan tun yaushe yake haka?"

"Injiniya, ai ba ja ba ne," in ji manaja. "Wanda ya haɗa mana cewa ya yi in dai ba ja muka gani ba, mu ƙyale shi."

Na buɗe rahoton. Cikin dubban fayiloli, guda ɗaya tal manhajar take tsallakewa, da bayanin cewa ta kasa karanta shi. Fayil ɗin kuwa shi ne rumbun bayanan akawu. Wato wata da watanni ana killace hotunan bikin buɗe masana'anta da tsofaffin takardun gayyata, littafin bashi yana waje ruwa na dukansa.

Wannan saƙo na kasa karanta fayil yana ruɗa mutane ne domin zazzaɓin kawai yake nuna maka, ba ya faɗin ciwon. Ka ɗauka ka aiki yaro sito ya kwafo maka abin da ke cikin littafin lissafi, ya dawo ya ce, "Baba, ban samu karantawa ba." Me ya hana shi? Wataƙila mai gadi ne ya ce bai san shi ba. Wataƙila ya tarar akawu ya danne littafin yana rubutu. Wataƙila an ɗauke littafin daga inda ka kwatanta masa. Wataƙila ya kwafo rabi, ruwa ya cinye hanya. Ko kuma ya buɗe ya tarar gara ta ci shafin. Amsar yaron ɗaya ce a duka, maganin kuwa kowanne da nasa. Kuma akwai guda a cikinsu da in ka yi ta cewa ya koma ya sake gwadawa, littafin ne zai ƙarasa marmashewa a hannunsa. Saboda wannan gudan nake ganin kuskure ne mutum ya fara da gyara. Da tambaya ake farawa, kuma rahoton da manhajar ta riga ta rubuta ake yi wa tambayar, ba tare da an taɓa faifan ba.

Abin da na fara dubawa shi ne ko fayil ɗaya ne kullum. In kowane dare sunan da ya fito iri ɗaya ne, matsalar tana jikin fayil ɗin: wani yana riƙe da shi, ko ba a ba da izini ba, ko sunansa ne da tangarɗa, ko wurin da yake kwance a faifai ya lalace. In kuwa yau wannan gobe wancan, sai in koma kan agogo. Aikin da kullum yake yankewa bayan minti iri ɗaya da farawarsa, ko a daidai lokacin da ake sauya wuta daga janareta zuwa batir, ba fayil ne ya kashe shi ba. Hanya ce ko wuta. Fayil ɗin da sunansa ya fito tsautsayi ne kawai ya rutsa da shi, shi aka tarar a hannu lokacin da abin ya faru.

Sai lamba. Kusan kowace manhajar ajiya, in ka shiga kundin rahotonta mai zurfi, za ka ga lambar da kwamfutar kanta ta ba ta. A Windows, 5 na nufin an hana shiga, 32 na nufin wata manhaja tana riƙe da fayil ɗin, 33 an kulle wani sashe nasa, 2 da 3 ba a ga fayil ko hanyarsa ba, 206 suna ya yi tsawo, 64 hanyar sadarwa ta yanke, 23 da 1117 kuwa faifai ne yake kuka. Amma akwai tarko a nan da ya sha kama ƙwararru: sai ka san bakin wa lambar ta fito. Lamba 5 a Windows maganar izini ce, a Linux kuwa, wato wani tsarin sarrafa kwamfuta dabam da Windows, 5 kuskuren karatu ne daga na'urar kanta, izini a can 13 ne. Ita kuma 13 a NetBackup, wata manhajar ajiya ta manyan kamfanoni, ita ce ainihin lambar kasa karanta fayil. Lamba 23 a Windows alamar ɓacin bayanai ce a faifai, amma idan rsync, manhajar kwafe fayiloli da aka fi sani a Linux, ta fita da 23, cewa kawai take yi ba ta kwafe komai duka ba. Na taɓa ganin wanda ya kwana yana gyaran izini a kan uwar garken Linux saboda ya ga 5, alhali faifan ne yake mutuwa a gabansa.

A masana'antar nan, lambar 32 ce. Mu tsaya a kanta, domin ita ce ta fi yawa.

Duk manhajar da ta buɗe fayil a Windows tana faɗin ko ta yarda wani ya karanta tare da ita ko ba ta yarda ba. Rumbunan bayanai irin na SQL Server, da fayil ɗin wasiƙun Outlook, da manhajojin lissafi da yawa, sukan riƙe nasu gam. Ba rowa ba ce. Fayil ɗin da ake rubutu a cikinsa, in ka kwafi farkonsa ƙarfe goma, ka iso ƙarshensa goma da kwata, abin da ka samu ba na goma ba ne, ba na goma da kwata ba, kan akuya ne da gangar jikin tunkiya. Ranar da ka zo buɗe shi zai ƙi.

Maganin da Microsoft ta kawo tun zamanin Windows XP da Windows Server 2003 shi ne VSS, wato ɗaukar hoton faifai a tsaye. Manhajar ajiya takan nemi hoto, sai VSS ya sanar da wakilan manyan manhajoji, kowanne ya ƙarasa rubutun da ke hannunsa ya dakata. Dakatawar ba ta wuce sakan 60, ɗaukar hoton kansa kuma ba a yarda ya wuce sakan 10 ba. Daga nan kowa ya ci gaba da aikinsa, manhajar ajiya kuma ta yi ta karatu daga hoton, wanda babu mai riƙe da komai a cikinsa. Hoton ba kwafin faifai ba ne gaba ɗaya. Dabarar ita ce, duk gurbin da za a sake rubutawa bayan ɗaukar hoto, sai a fara kwashe tsohon abin da ke ciki a ajiye a gefe.

Ka ga daga wannan bayanin an riga an san inda zai karye. Tsohon faifai mai nauyin jiki, ga antibayiros, wato manhajar farautar cutar kwamfuta, na bincike a daidai lokacin, ba zai cika sharaɗin sakan 10 ba. Faifan da ya cika maƙil ba shi da gefen da za a ajiye tsofaffin gurabe, sai Windows ta share hoton ana tsakiyar karatu, ta bar shaida a kundin abubuwan da suka faru da lamba 25 daga volsnap, sashen Windows mai kula da hoton. Wani lokacin kuma wakili ɗaya ne ya maƙale tun wata ɗaukewar wuta. Umarnin vssadmin list writers zai jero su duka ya nuna wanda ba shi da lafiya, kuma sau da yawa sake tayar da hidimar da ke bayansa, wato manhajar da ke aiki a bayan fage da shi, ya isa. Abin haushin shi ne wasu manhajojin, idan hoto ya ƙi, ba sa tsayawa su yi ihu. Sukan koma kwafa kai tsaye, su tsallake duk abin da ke kulle, su ba ka ruwan ɗorawa.

Akwai kuma kuskuren da na fi gani a ƙananan ofisoshi. Ana saka manhajar ajiya a kwamfutar manaja, a nuna mata foldar da aka raba daga uwar garke, a ce ta riƙa kwasowa ta waya. Hoto kuwa a kan kwamfutar da faifan yake ake ɗaukarsa. Daga nesa, abin da kowane ma'aikaci yake gani shi manhajar take gani, har da kulle-kullen. Dole wakilin ita manhajar ajiyar, wato ɗan sashenta mai karanto fayiloli, ya zauna a gidan da fayil yake. A Kura ma kusan haka abin yake: zaɓin hoton a kashe yake tun ranar da aka haɗa, shi kuma akawu ba ya rufe manhajarsa, allo kawai yake kashewa ya tafi masallaci. In kana son sanin wa ke riƙe da fayil, Handle da Process Explorer na Sysinternals za su faɗa maka sunansa. Amma kada ka fizge fayil ɗin rumbun bayanai daga hannun mai shi da ƙarfi, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Maganar izini ta fi sauƙi, sai dai tana da ƙaiƙayi guda. Mutum yakan ce, "To ai ga shi ni ina buɗewa." Ƙwarai, kai kana buɗewa. Manhajar ajiya ba da sunanka take yawo ba, tana da asusunta. In asusun cikin gida ne na kwamfutar, to idan ya fita zuwa wata kwamfuta da sunan na'urar yake gabatar da kansa, can kuma ba a san shi ba. Harafin faifan da ka liƙa wa foldar nesa, irin Z ɗin nan, naka ne kai kaɗai, hidimar da ke aiki da tsakar dare ba ta ganinsa, cikakken adireshin foldar take buƙata. Windows tana da rukuni na musamman na masu ajiya, mai suna Backup Operators, wanda aka ba ikon karanta fayil ko da an hana kowa, don kada a riƙa raba mukullin shugaba ga kowace manhaja. Idan 5 ta fito kwatsam a kan fayiloli masu yawa bayan shekara ana lafiya, tambayi wa ya canza kalmar sirri a satin nan. Idan kuma a foldar mutum ɗaya ce, sau da yawa mai foldar ne ya cire kowa don kada abokan aiki su ga takardar albashi, ya haɗa da asusun ajiya bai sani ba. Antibayiros ma yakan tare hanya, yana da lambarsa, 225, idan yana zargin fayil ɗin da cuta. A nan ba na gaggawar cewa a keɓe fayil ɗin daga bincike, domin wani lokacin gaskiyarsa ne.

Suna kuwa, a nan muke da namu na gida. Tsohuwar ƙa'idar Windows ba ta yarda cikakkiyar hanyar fayil, tun daga harafin faifai har ƙarshen suna, ta wuce haruffa 260 ba. Tun fitowar Windows 10 ta 2016 ana iya ɗage wannan iyaka, amma sai manhajar ita ma ta san da zancen. Yadda ake faɗawa ramin ba wuya: sakatare ya buɗe folda cikin folda cikin folda, shekara, wata, ƙaramar hukuma, ƙungiyar manoma, sannan ya sa wa takarda suna mai tsawon jimla. A wurinsa yana buɗuwa, domin daga tsakiyar hanya ya shigo. Manhajar ajiya da ta faro tun daga tushe sai ta ga hanyar ta zarce. Sannan ga haruffanmu masu lanƙwasa. Babu ƙ da ɗ da ɓ a tsohon jerin haruffan Turai ta Yamma da tsofaffin manhajoji suke aiki da shi. Irin wannan manhaja in ta ga Ɗanbatta ko Ƙiru a sunan fayil, sai ta mayar da harafin alamar tambaya, ta nemi fayil mai wannan suna, ta dawo ta ce babu shi. Ba na ba kowa shawarar ya daina rubuta Hausa daidai saboda haka. Manhajar ce ta tsufa, ita za a canza.

Wani sabon salo da ya shigo tun 2017 shi ne fayilolin OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, masu alamar gajimare. Suna ne kawai a kwamfutar, cikin yana intanet. Manhajar ajiya na taɓa shi sai kwamfuta ta fara ƙoƙarin sauko da shi, a garin da data ta ƙare ko sabis ya gudu da dare, ƙarshenta rahoto ya ce an kasa karantawa. Fayilolin da suke ɓacewa ana cikin aiki, irin na wucin gadi da Excel yake buɗewa ya share, su ba abin damuwa ba ne, rsync ma lamba dabam ta ware musu, 24. A cire su daga jerin kawai, don kada hayaniyarsu ta rufe kukan gaske.

Hanya fa? Wannan ya fi shafar rassan bankuna da manyan kamfanoni da ke garuruwa irin Gumel, Haɗeja ko Birnin Kudu, inda kwamfutar tana reshe, ma'ajiyar kuma tana hedikwata a Legas ko Abuja. Irin waɗannan gidaje su ke amfani da su NetBackup da Commvault da Veeam. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a bayanin NetBackup kanta, lamba 13 na nufin an kasa karatu daga fayil ko daga bakin layin sadarwa. Wato mai ƙorafin yana iya zama uwar garken hedikwata ce da take sauraron reshe, ta ji shiru. Babu abin da ya sami fayil ko ɗaya. Sai ma'aikacin reshe ya wuni yana binciken faifai mai lafiya, gizo kuwa ba a nan yake saƙa ba.

A lissafa. Gigabayit 50 a kan layin da ke ɗaukar megabit 2 a sakan zai ci sama da awa 55, in layin bai yi tari ko sau ɗaya ba. Wane layi ne a karkara zai yi kwana biyu da wuni bai ƙifta ba? Akwai kuma mutuwar shiru. Manhaja takan buɗe layin umarni da layin bayanai. Yayin da na bayanai yake ta aiki, ko reshe yake ta laluben folda mai dubban ƙananan fayiloli, na umarni yana zaune shiru. Katangar tsaron da ke tsakani, wato na'urar da ke gadin hanyar sadarwa, tana da lokacin da take yanke duk layin da ta ga ba motsi, wasu awa ɗaya. Ita kuwa kwamfuta, a saitin asali na Windows da Linux, sai bayan awa biyu take aika ɗan saƙon ina nan da rai. Kafin ta yi sallama an rufe ƙofa. Alamar wannan ciwo ita ce yankewa a kan lokaci iri ɗaya kamar an saita agogo, maganinsa kuma a rage tazarar saƙon ta koma ƙasa da haƙurin katangar. Ƙara wa manhaja lokacin jira, wanda a NetBackup sakan 300 ne tun asali, yakan taimaka idan reshe ne mai nawa, amma wasu sun mayar da shi maganin kowace cuta. In kana son raba gardama, gwaji ɗaya ne: sa wakilin da ke reshe ya karanta fayilolin nan a gida ba tare da ya aika ko'ina ba. In ya karanta lafiya, faifai ya fita daga zargi. A NetBackup, kundin rahoton reshe mai suna bpbkar shi ke nuna ko wani fayil ne da gaske ya ƙi. Shawarata ga irin waɗannan rassa ba ta canzawa: a fara ajiyewa a faifai na biyu a cikin reshen, sannan a riƙa tura abin da ya canza kaɗai zuwa hedikwata.

Mu koma Kura, domin labarin bai ƙare a 32 ba. Na kunna hoto, na duba wakilai duk lafiya, na sa aikin ya gudana muna zaune ana shan shayi. Ya wuce inda ya saba tsayawa, na fara murmushi. Can wajen tsakiyar fayil ɗin sai ya tsaya cak, kwamfutar ta yi nauyi, bayan ɗan lokaci rahoto ya fito ja. Lambar ta koma 23.

"Injiniya, da ruwan ɗorawa ne, yanzu ka mayar mana ja?"

"Alhaji, jan ya daɗe a nan. Kullen ne ya rufe shi."

Faifai a yanke yake gurbi-gurbi, kowanne bayit 512 a tsofaffi, 4096 a sababbi, kowane gurbi kuma da ɗan lissafin tantancewa a jikinsa. Idan aka karanta lissafin bai yi daidai ba, faifan yakan sake gwadawa, ya sake, in ya gaji ya ce ya kasa. Abin lura shi ne akawu zai iya shekara yana aiki a fayil mai ruɓaɓɓen gurbi bai sani ba, domin shafukan wannan watan kaɗai yake taɓawa. Manhajar ajiya ce kaɗai take bin fayil daga farko har ƙarshe, shi ya sa ita ke fara cin karo da ɓarnar, kuma ita ake zagi.

Shaidar ba ta da wuyar samu. A kundin Windows, lamba 7 daga disk na cewa an sami mugun gurbi, 153 na cewa an sake maimaita karatu, 55 kuma tsarin fayilolin ne ya hargitse. Faifan kansa yana riƙe da tarihin lafiyarsa, wanda CrystalDiskInfo ko smartctl suke nunawa. Layi na 5 shi ne guraben da aka riga aka yi wa musanya, 197 waɗanda aka kasa karantawa ana jiran hukunci, 198 waɗanda suka gagara. Na 199 dabam yake, kuma sanin sa yana ceton kuɗi: shi kuskuren da ke faruwa a wayar da ta haɗa faifai da kwamfuta yake ƙirgawa. In shi kaɗai ke hawa, sauran suna sifili, canza wayar ko a goge bakinta. A ƙasarmu da ƙurar hunturu take shiga ko'ina, ga girgizar injin casa ta bango, wannan ba baƙon abu ba ne. Haka ma faifan waje da aka soka a gaban kwamfuta da doguwar waya mai araha, wuta ba ta isarsa, yana ɗaukewa yana dawowa.

Ba kowane gurbi mai jiran hukunci ne ya lalace har abada ba. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta shi, yakan zauna rabi da rabi, ya ƙi karantuwa, amma da an sake rubutu a kansa ya warke. Wurin da ake sauya wuta sau huɗu a wuni da UPS, wato akwatin da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, mai mataccen batir, irin wannan ba ya ƙarewa. Sai dai daga waje ba ka iya bambance shi da na faifan da ya fara mutuwa, sai ka ga ko lambobin suna ƙaruwa. A ɗakin da babu taga, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ni mafi munin nake ɗauka tukuna.

A nan ne mutane suke kashe majinyaci da magani. Abin da kowa ya sani shi ne chkdsk /r, kuma shi ake fara bugawa. Wannan umarni yana tilasta wa faifai ya karanta kowane gurbi, ya nace a kan masu ciwo na awoyi, sannan ya yi gyare-gyare a tsarin fayiloli da ba a iya warwarewa. Ga faifai mai lafiya da wuta ta hargitsa, daidai ne. Ga mai mutuwa, kamar a sa mai ciwon ƙirji gudun fanfalaƙi ne don a gane inda ke masa zafi. Haka ma sake tayar da aikin ajiya sau biyar a dare. Masu amfani da robocopy, umarnin kwafe fayiloli na Windows, su kula ƙwarai: in ba ka gaya masa ba, sau miliyan ɗaya yake sake gwada fayil ɗin da ya ƙi, da hutun sakan 30 a tsakani, wanda ya kai kusan kwana 347 a kan fayil guda. Ana rage shi da /R:2 /W:5. Da yawa daga cikin ayyukan da ake cewa sun maƙale ba maƙalewa suka yi ba, biyayya suke yi.

Tsarin da nake bi shi ne a dakatar da aiki a kan faifan, a fara kwashe ƙananan abubuwa masu muhimmanci da ke karantuwa, sannan a ɗauki kwafin faifan gaba ɗaya zuwa sabo da ddrescue. Hikimar wannan manhaja ita ce ba ta tsayawa jayayya da mugun gurbi. Takan tsallake, ta kwashe duk mai kyau tukuna, tana rubuta taswirar inda ta bari, sai a ƙarshe ta dawo ta lallaɓa masu ciwon. In wuta ta ɗauke, daga taswirar take ci gaba. Duk wani gyara a kan kwafin ake yinsa, asalin a ajiye shi a gefe. Masu RAID, wato faifai da yawa da aka haɗa su yi aiki tare don in ɗaya ya mutu sauran su riƙe bayanan, kada su ce wannan bai shafe su ba. Idan faifai ɗaya ya faɗi a RAID 5, sake ginawa na buƙatar karanta kowane gurbi na sauran, kuma a lokacin ne ake gano wani ma yana da nasa ruɓaɓɓen da ba a taɓa lura da shi ba.

A masana'antar, na roƙi akawu ya ba ni kwamfutar tun daga la'asar. Kwafin ya kwana yana tafiya a kan batirin sola na ofishin manaja, da asuba ya gama, 'yan gurabe kaɗan ne suka gagara. Allah ya rufa asiri, sun faɗa a sararin da rumbun bayanan ya tanada bai zuba komai ba tukuna. Binciken da manhajar lissafin take yi wa kanta ya fita lafiya a kan sabon faifan, muka buɗe bashin manoman bara, akawu ya ɗauko littafinsa na takarda muka gwada suna goma, duk suka yi daidai. Na saita manhajar lissafin ta riƙa fitar da nata kwafin kowane dare kafin babbar ajiya ta fara, na kuma sa rahoton ya riƙa ɗaukar tsallake ko da fayil ɗaya a matsayin ja. An sayi batirin UPS, an fasa taga a ɗakin aka sa mata raga. Tsohon faifan yana cikin durowar manaja, an naɗe shi a leda, an rubuta kwanan wata a jiki.

Na bar wa akawu aiki guda: kowace Alhamis kafin ya tashi, ya dawo da kwafin daren jiya a tsohuwar kwamfutar da ke kusa da sikeli, ya buɗe, ya duba ko motar ƙarshe da aka auna tana ciki. Sati na uku ya kira ni, wai rahoto ya yi ja. Lamba 206 ce, a foldar sabon sakatare.